Tsintsiyar Hylke

Ƙarfe huɗu na asuba, gefensa na gado ya huce.
Na san inda yake:
kicin, gaban kwamfuta, tabarau a karan hanci,
kofinsa ya sandare,
shi kaɗai ne abin da ya yi sanyi a Firislan bana.

Shekara talatin da ɗaya mijina ke auna ƙanƙarar ƙauyenmu.
Sandarsa mai ƙugiya tana rataye bayan ƙofa,
gizo-gizo ya kama haya a kanta.

"Baukje, zo ki gani."
Na zo, da bargo a kafaɗa.
Zare hamsin a fuskar allo,
kowanne da tasa gobe.
Daga yau zuwa jibi a ɗaure suke kamar gindin tsintsiya,
daga Laraba sai su watse,
wannan ya haura sama, wancan ya yi ta dawurwura a tsakiya.
Ɗaya tilo, siriri, mai taurin kai,
ya nutsa har sha biyu ƙasa da sifiri.
A kansa Hylke ya ɗora yatsa.

Na ce, sauran arba'in da taran fa?
Ya ce, ai taro ba ya nufin gaskiya.

In iska mai nauyi ta yi zaman dirshan a kan Norwe, in ji shi,
ƙofar gabas za ta buɗe,
sanyin Rasha ya taho ba sallama.
Na'urar Turai ta ce wataƙila.
Ta Amurka ta ce e da tsakar dare,
da hantsi ta lashe amanta.
Yana fushi da su kamar maƙwabtan da suka ci bashi.

Duk da haka ya sauko da takalman zamiya daga rufi,
yana wasa ƙarfensu a kan dutse, sannu, sannu,
har da ƙananan nan da ya saya wa Rinske,
jikarmu mai shekara bakwai,
wadda ba ta taɓa tsayawa a kan ruwa ba.
A wurinta magudanar bayan gida ta agwagi ce kawai.
Ƙafarta tana girma.
Wannan ne ba ya faɗa.

Ranar Alhamis zare tara suka bi na farko.
Juma'a, ashirin da shida.
Bai yi magana ba, kada ya kore su.
Ya fita da daddare ya buɗe wa makiyayar Sjoukes ruwa,
iya idon sawu,
ya tsaya yana shinshinar iska kamar tsohon kare.

Dare uku aka ba mu. Uku.
Magudana ta yi fatar da tsuntsu kaɗai za ta ɗauka,
santimita huɗu, ya rubuta a littafinsa da fensir,
ya kafa allon gargaɗi da hannunsa.
Amma makiyaya ta kama, ƙam,
ciyawa kwance a ƙarƙashi kamar an rufe ta da gilashi.

Na fito da kujerar kicin.
Rinske ta riƙe bayanta tana turawa,
gwiwoyi na karkarwa, hanci ja wur,
ta faɗi sau biyar, na ƙirga,
a na shida ta saki kujerar ba ta sani ba.
Hylke ya juya baya, wai yana duba gajimare.

Kafin la'asar iska ta koma yamma.
Yayyafi. Ƙanƙara ta yi furfura, ta fara kuka a gefe.

Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa, na ce masa,
ka samu naka, kwanta.
Ya ce to.

Ƙarfe huɗu, gefensa ya huce.
Ta ƙasan ƙofa ina ganin shuɗin haske,
ina jin kujerar nan, ƙafafunta da sauran laima,
tana ƙara a kan daɓe
yana matsawa kusa da allo.